Maɓalli huɗu a wayar Malam

Ranar da na kai wa Baba Alhaji manhajar lissafin sito da na shafe wata biyu ina haɗawa, da sabuwar shadda na shiga Dawanau, laftof a jaka, ina ji da kaina. Abokin mahaifina ne tun suna samari, yana da sito biyu a ɓangaren 'yan riɗi, kuma tun da na gama karatun kwamfuta bai sake kiran sunana ba, sai dai Injiniya. Na buɗe masa allo na nuna masa teburin abokan ciniki, teburin kaya, teburin ciniki, teburin biyan kuɗi, kowane da igiyar da ta ɗaure shi da ɗan'uwansa. Ya gyara zaman tabarau ya duba, ya ce, "Ma sha Allah, aiki ya yi kyau. Malam, zo ka gani." Malam, wanda ke riƙe masa lissafi tun kafin in shiga firamare, ya zo ya leƙa, ya ce Allah ya ƙara basira.

Bayan sati uku na koma. Laftof na cikin durowa, cajarsa a nannaɗe tsaf yadda na bar ta. Malam kuwa yana ta rubutu a dogon littafinsa mai baƙin bango, kamar ban taɓa zuwa ba.

Mu masu wannan sana'a gida biyu muke raba irin wannan aiki. Akwai rumbun bayanai, inda komai ke kwance cikin tebura: wane ya sayi me, yaushe, nawa ya biya. Akwai kuma fuska, wato abin da mai amfani yake gani yana taɓawa. Cikin wata biyun nan, kusan duka a kan rumbun na ƙarar da su, ina gyara shi yadda aka koya mana tun daga tsarin da Edgar Codd na kamfanin IBM ya fitar a 1970: kada ka rubuta abu ɗaya a wuri biyu, kowane layi ya sami lambarsa. Fuskar kuwa yammaci ɗaya na ba ta, tsakanin la'asar da magariba.

Da Django na yi aikin, a kan SQLite, wata 'yar manhajar riƙe rumbun bayanai. Django wani tsarin rubuta manhajojin intanet ne da harshen Python, an haife shi a ofishin wata jarida da ke garin Lawrence na jihar Kansas a Amurka, aka sake shi ga kowa a 2005. Yana zuwa da shafin gudanarwa na kyauta: kana gama zana teburanka, da 'yan layuka kaɗan zai fito maka da fom na shigarwa da gyarawa da gogewa ga kowane tebur. Ga mai son banza irina wannan ganima ce, shi na miƙa wa Malam. Ba zan ɗora wa masu Django laifi ba, domin sun rubuta ɓaro-ɓaro a jagorarsu cewa shafin na aikin cikin gida ne, ba a yi shi don a gina duk fuskar manhaja a kansa ba. Na karanta wurin, na wuce.

Ba gayu ne ya sa Baba Alhaji neman kwamfuta ba. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kuɗi suka daina shigowa ta ƙofa ɗaya. Mutum zai ɗauki buhu talatin, ya ba da wani abu tsaba, ya ciri wani abu a POS, saura kuma ya ce ƙaninsa zai turo da daddare, alat ya shigo da sunan da ba wanda ya sani. Littafi ya fara cika da kibiyoyi da ƙananan rubutun ajami a gefe. Kafin ni wani ɗan ɗan'uwansa ya gwada musu Excel, sai lambobin waya suka riƙa zubar da sifirin farko, 0803 ta koma 803, saboda Excel yana ɗaukar su lambar lissafi in ba ka gaya masa rubutu ba ne. Haka ma lambar asusun banki mai lamba 10 in ta fara da sifiri. Wata rana kuma aka jera layin sunaye shi kaɗai daga A zuwa Z aka bar layin kuɗi a inda yake, bashin wannan ya hau kan wancan. Allah ya sa littafin yana nan.

Da na tarar da laftof a durowa ban yi fushi ba, kunya ce ta kama ni. Na jira Baba Alhaji ya tafi masallaci, na matsa kusa da Malam na ce, "Malam, don Allah ku gaya min gaskiya, me ya hana?" Ya ɗan yi murmushi ya ce, "Injiniya, abin naka yana da kyau, amma tambaya ta yi masa yawa. Ni kuma mutum na tsaye a kaina." Ya ƙara da cewa akwai wani jan maɓalli da yaron sito ya gaya masa in ya taɓa shi mutum zai ɓace har da bashinsa. Yaron bai yi ƙarya ba. Yadda na ɗaure teburan, in ka goge mutum duk cinikinsa na bin sa, bayan wani gargaɗi da Turanci da ba mai tsayawa karantawa.

Na gwada da kaina a gabansa. Don rubuta ciniki ɗaya sai ka buɗe teburin abokan ciniki ka duba ko mutumin yana ciki, in babu ka ƙara shi, ka dawo, ka buɗe teburin ciniki, ka lalubo sunansa cikin wani dogon jeri, ka zaɓi kaya, ka sa kwanan wata, ka adana, ka sake fita ka shiga teburin biyan kuɗi. Shafi biyar. Ga tirela a bakin sito, 'yan dako suna jiran a ce su ɗauka, dillali yana tsaye yana jiran la'adarsa. A littafi layi ɗaya ne, kafin ka ƙifta ido Malam ya gama, kuma ya riga ni fitar da jimla da ka, ina can ina neman kalkuleta a waya.

Sai na yi abin da ya kamata in fara da shi. Na ajiye laftof a gida, na zo na zauna a benci kusa da Malam kwana uku, ba na cewa komai sai kallo. Abin da na gani ya rage min girman kai sosai. Duk hayaniyar siton, abu uku kacal ake rubutawa: an kawo kaya, an fitar da kaya, an biya kuɗi. Shi kuma Baba Alhaji, daga safe har yamma, tambayoyinsa biyu ne, yana maimaita su da sunaye daban-daban: nawa muke bin wane, buhu nawa ya rage. Rahotannin da na zana masu zanen hawa da sauka na riba wata-wata, ko sau ɗaya ba wanda ya nemi makamancinsu. Na kuma lura cewa Malam bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, amma 'yar Itel ɗinsa mai tsagaggen gilashi tana hannunsa kullum, yana aika saƙon murya a WhatsApp, yana duba alat, yana ɗaukar hoton rasit. Ashe ba na'ura yake gudu ba, tawa ce ba ta yi masa ba.

Daga nan na koma na sake auna kayan aikin da ke gabana, wannan karon da Malam a zuciyata.

Microsoft Access, manhajar da ta haɗa rumbu da fuska wuri ɗaya, na fara tunawa, kuma ina ganin samarin sana'armu suna raina shi ba bisa haƙƙi ba. Tun 1992 yake, kuma don irin wannan aikin aka yi shi: ka zana fom da hannu, ka sa maɓalli, ka fitar da rasit, duk cikin yini ɗaya. Ana iya raba shi gida biyu, tebura a fayil ɗaya, fom-fom a wani, har ma a jona fuskar da babban rumbu irin SQL Server ko PostgreSQL in aiki ya girma. Akwai kuma nau'insa na gudanarwa kawai da ake saukewa kyauta, wanda mai amfani ba zai iya taɓa zanen ba. Iyakar fayil ɗinsa gigabait 2 ne, abin da siton Baba Alhaji ba zai cika ba ko jikokinsa sun gaje shi. Da a ce akawu ɗaya ne zaune gaban kwamfutar tebur a ofis mai wuta, da shi zan ɗauka ba tare da jin kunyar kowa ba, ko takwaransa na kyauta LibreOffice Base in ba a son biyan lasisi. Amma Access a kan Windows kaɗai yake aiki, ba ya hawa wayar Android, kuma fayil ɗin da mutane da yawa ke rubutu a ciki ta Wi-Fi yana cikin haɗarin lalacewa in layi ya yanke ana tsakiyar rubutu. Mu kuwa mutum uku ne za su taɓa shi, ɗaya a ofis, ɗaya a bakin sikeli, ɗaya a sito na biyu, kuma dukansu waya suka sani.

AppSheet ya fi ja na. Google ta saye shi a farkon 2020, kana ɗora shi a kan Google Sheets ya zama manhajar waya ba tare da ka rubuta kod mai yawa ba, kuma yana iya riƙe abin da aka shigar in babu intanet, ya tura daga baya. Na haɗa gwaji cikin dare ɗaya, ya yi kyau. Inda na tsaya shi ne kuɗi. Gwaji kyauta ne, amma aiki na sosai ana biya ne kan kowane mutum, duk wata, da dala, haka ma takwaransa Airtable. Wannan kuwa 'yan watanni ne bayan an saki farashin naira a kasuwar canji a watan Yunin 2023, kowa ya ga inda dala ta nufa, ga wahalar biyan kuɗin waje da katin naira. Na hango kaina duk ƙarshen wata ina zuwa gaban abokin mahaifina ina cewa, "Ranka ya daɗe, kuɗin hayar littafin bashinka ya ƙaru." Na kuma hango ranar da biyan zai makale, a wayi gari ana kokawa da asusu ranar da kasuwa ta fi cika. Akwai wani abu kuma: in waya biyu sun yi aiki ba intanet, kowace tana ganin ragowar kaya na ɗazu, sai a sayar da buhun da an riga an sayar.

KoboToolbox da ODK ban daɗe a kansu ba. Na san su daga aikin tattara bayanai a ƙauyuka, kuma a wannan fagen ba su da na biyu: ka cika fom a inda babu sabis, ka dawo gari ka tura. Amma an yi su ne don zuba bayani ya tafi can ofis a tace, mu kuwa muna son mutum yana tsaye a ce masa ga abin da ake bin ka yanzun nan.

Ƙarshenta ban sauya rumbun da wani ba. Shafin gudanarwar nan na kulle shi da kalmar sirrin da ni kaɗai na sani, na zauna na rubuta 'yan shafuka da hannu, farare fat, ba ado. Laftof ɗin ya fito daga durowa ya zama saba, wato kwamfutar da ke riƙe manhajar wayoyi su riƙa haɗuwa da ita, yana zaune a ofis a rufe ba mai taɓa shi. Na sayo 'yar ƙaramar rauta da ba ko sim a cikinta, aikinta kawai ta haɗa wayoyin da laftof ta Wi-Fi. In an ɗauke wuta batirin laftof ya riƙe shi, rauta kuma tana kan fawa banki, da rana ƙaramin sola ya cika su. Ba data, ba kuɗin wata. SQLite, wanda Richard Hipp ya fara a 2000 kuma yake cikin kowace wayar Android, fayil ɗaya ne tak, kuma an gina shi yadda ko wuta ta yanke ana tsakiyar rubutu, ko dai cinikin ya shiga gaba ɗaya ko bai shiga ba sam. Mutum ɗaya yake bari ya rubuta a lokaci guda, amma rubutun bai kai ƙiftawar ido ba, mutum uku ba za su taɓa jin suna layi ba.

A wayar Malam na ajiye alama a fuskar farko kusa da WhatsApp. In ya taɓa, maɓalli huɗu ne manya, kowane ya kai faɗin babban yatsa biyu, da Hausa: An kawo kaya. An fitar da kaya. An biya kuɗi. Duba mutum. Ragowar buhunan sito kuma tana rubuce a sama kullum, ba sai an nema ba.

Wahalar gaske a ƙananan abubuwa take, kuma a nan na fi jin daɗin aikin. Ɗauki suna. A littafin Malam masu suna Sani sun fi biyar, kuma duk Alhazai ne. Shi yana bambance su da laƙabi da gari: dogon, na Gumel, mai zoɓo. Ni kuwa a rumbuna na yi gidan sunan farko da gidan sunan mahaifi kamar fom ɗin jarrabawa, alhali a kasuwa ba mai kiran kowa haka. Sai na mayar da akwatin nema guda ɗaya, ka rubuta duk abin da ka tuna, suna ko laƙabi ko gari ko lambobi huɗun ƙarshe na waya, ya fito maka da su. Na koya wa akwatin cewa Muhammad da Mohammed da Muhammadu da Mamman a nema tare ake kawo su. Na kuma sa ya daina bambanta ƙ da k, ɗ da d, ɓ da b wajen nema, domin yaron sito yana rubuta Dambatta, wayar Baba Alhaji kuma mai allon Hausa tana rubuta Ɗambatta, kwamfuta kuwa a wurinta garuruwa biyu ne.

Sai kuɗi. Kuskuren da ya fi yawa a satin farko sifiri ne, ɗaya ya ƙaru ko ya ragu, 120,000 ta zama 1,200,000. A kasuwa ba a faɗin sifirai, in an ce ɗari da ashirin kowa ya san dubbai ake nufi, yatsa ne ke ruɗewa. Na sa waƙafi yana shiga da kansa, kuskuren ya ragu amma bai ƙare ba. Abin da ya kashe shi shi ne rubuta adadin da kalmomi a ƙasan akwatin yayin da ake bugawa: naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Malam yana gani zai ce a'a, ya goge ɗaya. Yini guda na yi ina rubuta ɗan kod ɗin da ke juya lamba zuwa Hausa, ina ta faɗa da "sha" da "da", kuma a duk manhajar ba abin da nake alfahari da shi kamarsa. Baƙinmu na Maraɗi sun so su ƙara min aiki, su da jikarsu sefa 1,000 ce, dalarsu kuma sefa 5, amma Baba Alhaji ya ce a canza a rubuta da naira kamar yadda aka saba, na ce Allah ya ƙara girma.

Buhu ma ba awo ba ne tsayayye. Na farko na ɗauka kowane buhu kilo kaza ne in ninka, Malam ya yi min dariya. Yanzu ana shigar da adadin buhu da kuma abin da sikeli ya nuna, kowane a gidansa. Kwanan wata kuwa ba a tambayar kowa, na yau ne ke shiga da kansa, kuma a rubuce yake fitowa, Talata 4 ga Maris, ba 4/3 da wata wayar za ta karanta wata kafin rana ba.

Jan maɓallin nan na cire shi ɗungurungum. A littafi Malam ba ya yage shafi, in ya yi kuskure layi yake ja a kai ya rubuta daidai a ƙasa, kowa na ganin tsohon da sabon. Haka na yi. Akwai "Gyara", in ka taɓa tsohon layin ya dushe da zane a kansa, sabon ya shiga, da sunan wanda ya gyara da lokacin. Ban yi don zargin kowa ba, amma da na nuna wa Baba Alhaji ya daɗe yana kallon wurin, ya ce, "Wannan ka kyauta wa yaran ma." Gaskiyarsa, domin in lissafi ya ƙi fita yanzu ba a kallon fuskar kowa, layi ake bi.

Saƙonnin kuskure ma na sake su. Inda da yake fito da jan Turanci, yanzu cewa yake, "Ba ka sa adadin buhu ba." In Wi-Fi ya yanke ya ce, "Bai shiga ba tukuna, matso kusa da ofis ka sake taɓawa," kuma abin da ka rubuta yana nan bai goge ba. Bayan kowane ciniki akwai rasit da ke fita a hoto, Malam ya tura wa mai kaya ta WhatsApp da datarsa.

Ba zan ɓoye raunin zaɓina ba. Abin da ka rubuta da hannunka kai kaɗai ka san cikinsa. Da Access ne, in na yi tafiya ko ta Allah ta kasance, ba za a rasa wanda zai buɗe shi a Kano ba. Nawa kuwa sai an nemo mai Python. Abin da na iya yi shi ne na sa wani ƙaramin maɓalli a shafin Baba Alhaji da ke zazzage komai zuwa Excel, da lambobin waya a matsayin rubutu don kada sifirin ya sake zubewa. Kullum da la'asar laftof yana kwafe fayil ɗin rumbun zuwa filash, filash biyu ne ana musanya su, ɗaya yana kwana a aljihun Malam. Na rubuta takarda shafi ɗaya, yadda ake kunnawa da abin da za a yi in ya ƙi, na manna a cikin murfin durowa, na kuma ba wani abokin aikina kwafin kod ɗin. Sito na biyu ma Wi-Fi ba ya kai wa can ciki, yaron sai ya fito bakin ƙofa yake shigarwa, yana mita.

Littafin bai mutu ba. Na taɓa zuwa bayan la'asar na tarar Malam ya jingina wayar da kwalbar ruwa yana kwafe cinikin ranar daga allo zuwa littafi, layi bayan layi, da kyakkyawan rubutunsa. Da littafin ne farko, yanzu shi ne na biyu. Ban ce masa ya daina ba, kuma ko na ce ba zai ji ba.

Satin da ya wuce Baba Alhaji ya kira ni, bayan gaisuwa da tambayar mutan gida ya ce, "Injiniya, in Allah ya kai mu azumi ina son zuwa Umara. Zan iya ganin siton daga can?" Na ce, "Ranka ya daɗe, yadda yake yanzu sai wanda ke kusa da ofis." Ya yi shiru. Na fara lissafa masa a zuciya abin da hakan zai ci, sim a rauta, saba a intanet, kalmar sirri mai ƙarfi, kuɗin wata da na gudar masa tun farko. Kafin in buɗe baki na ji muryar Malam daga gefe yana cewa in dai jimlar rana ce da sunayen waɗanda suka biya, a sa ta fito a hoto irin na rasit, shi zai riƙa tura masa bayan isha'i. Baba Alhaji ya ce to a yi hakan. Shi nake rubutawa yanzu, kuma har yau ban yanke inda zan sa maɓallin ba, don ba na son su zama biyar a shafin farko.